Waliyyi Ignatius na Loyola: Bafaden da Karayar Ƙafa Ta Zame Masa Mafarin Kira

Ranar 31 ga watan Yuli ta kowace shekara, Ikilisiya Katolika a duk faɗin duniya takan yi bikin tunawa da Waliyyi Ignatius na Loyola, wanda ya kafa Ƙungiyar Yesu, wato ƙungiyar firistocin nan da muka fi sani da sunan Jesuit. Da yawa daga cikinmu sun karɓi sunansa ranar baftisma, amma kaɗan ne suka san hanyar da Allah ya bi da shi kafin ya kai ga wannan matsayi. Mun ga ya dace mu kawo labarinsa a wannan fitowa saboda 'yan'uwanmu da rayuwa ta juya musu farat ɗaya: wanda haɗarin mota ya kwantar, da wanda aka sallama daga aiki bayan shekaru masu yawa, da wadda ta rasa mai gidanta aka bar ta da yara, da wanda ya koma garinsu hannu biyu bayan wuta ta cinye shagonsa. Irin waɗannan sukan tambayi kansu ko sauran wani amfani da za su yi wa Allah da mutane. Rayuwar Ignatius tana da abin da za ta gaya musu.

Ƙuruciyarsa

An haife shi a shekarar 1491 a gidan sarautar Loyola, kusa da garin Azpeitia da ke yankin Basque a arewacin ƙasar Sifen. Sunan yankansa Inigo, kuma shi ne autan 'ya'ya goma sha uku. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana ƙarami, matar wani maƙeri da ke maƙwabtaka da su ce ta shayar da shi. Da ya tasa, wajen shekarar 1506, aka aika shi garin Arevalo, gidan Juan Velazquez, ma'ajin masarautar Kastil, domin ya koyi zaman fada. A can ya koyi hawan doki da riƙon takobi da kyakkyawan rubutu da iya magana a gaban manya. A can kuma ya koyi son ado da caca da neman mata da saurin zare takobi a kan abin da bai kai ya kawo ba. A shekarar 1515 har gaban alƙali aka kai shi saboda wata ɓarna da aka yi da dare a garinsu. Kirista ne, yana zuwa Misa, bai taɓa shakkar bangaskiyarsa ba, sai dai abin da zuciyarsa ta sa gaba shi ne suna da ɗaukaka a idon sarakuna.

A shekarar 1517 ubangidansa ya faɗi daga tagomashin sarki, ba a daɗe ba ya rasu. Inigo ya koma hidimar wakilin sarki mai mulkin yankin Navarre. Yana cikin wannan hidima ne sojojin Faransa suka kawo wa birnin Pamplona hari a watan Mayu na 1521. Mutanen gari suka miƙa wuya, mafi yawan masu tsaron ganuwa ma suka ga babu amfanin jayayya da rundunar da ta fi su yawa nesa ba kusa ba. Inigo ne ya tsaya kai da fata sai an yi yaƙi, har ya shawo kan shugabansu. Ranar 20 ga Mayu harsashin igwa ya ratsa tsakanin ƙafafunsa, ya farfasa ƙashin ta dama, ya yi wa ta hagu rauni. Da ya faɗi, ƙarfin gwiwar sauran ya faɗi tare da shi. Faransawa suka girmama jarumtakarsa, suka yi masa ɗori, suka sa aka ɗauke shi zuwa gidansu a Loyola. Yana da shekara talatin a lokacin.

Jinya a Loyola

Da likitocin gida suka duba, suka tarar ɗorin bai yi daidai ba, dole a sake karya ƙashin a gyara. A zamanin babu allurar kashe zafi. Ya jure bai yi ƙara ba, sai dunƙule hannu kawai. Bayan haka jikinsa ya yi tsanani har aka ba shi sakramentin ƙarshe, aka fitar da rai da shi. A daren jajiberen idin Waliyyai Bitrus da Bulus, ƙarshen watan Yuni, ya fara samun sauƙi. Da ƙafar ta warke, sai ga wani ƙashi ya turo a ƙarƙashin gwiwa, ƙafar kuma ta gajarce. Domin kada ya kasa sa dogon takalmin 'yan fada, ya sa aka yanke ƙashin da zarto, aka kuma yi kwanaki ana jan ƙafar da ƙarfi don ta miƙe. Duk da haka da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa. Ya kamata mu lura da wannan: raunin da ya kusa kashe shi bai sāke halinsa nan take ba. Ya tashi daga bakin kabari, tunaninsa na nan a kan takalmi da fada.

Zaman kwance ya ishe shi, ya nemi a kawo masa littattafan labarun jarumai da soyayya waɗanda ya saba karantawa. Ba a sami ko ɗaya a gidan ba. Abin da aka samu littattafai biyu ne, ɗaya na rayuwar Yesu Kristi, ɗaya na rayuwar waliyyai. Don rashin abin yi ya fara karanta su. Wani lokaci yakan ajiye littafin ya yi sa'o'i yana tunanin wata babbar mace 'yar sarauta da irin bajintar da zai yi don ya burge ta. Wani lokaci kuma yakan yi tunanin Waliyyi Francis na Assisi da Waliyyi Dominic, yana tambayar kansa me zai hana shi ma ya yi abin da suka yi. Dukan tunanin biyu suna yi masa daɗi yayin da yake cikinsu. Amma sannu a hankali ya gane wani bambanci. In ya gama tunanin fada da mata, zuciyarsa takan bushe, ya rasa sukuni. In ya gama tunanin bin sawun waliyyai, farin cikin yakan zauna tare da shi. Daga wannan ƙaramin abin lura, wanda ba zai taɓa samun sararin yi ba a cikin hayaniyar fada, ya fara koyon rarrabe motsin da ke daga Allah da wanda ba daga gare shi ba. Ya sami littafin rubutu ya riƙa kwafe abin da ya taɓa zuciyarsa, kalmomin Yesu da jan tawada, na Budurwa Maryamu da shuɗiya, da kyakkyawan rubutun nan da ya koya a gidan ma'aji.

Montserrat da Manresa

Bayan kusan wata tara yana jinya, ya bar gida a farkon shekarar 1522 a kan alfadari, duk da roƙon da wansa ya yi masa kada ya zubar da mutuncin gidansu. Ya nufi gidan zuhudu na Montserrat, inda ya yi kwana uku yana rubuta zunuban rayuwarsa duka, ya furta su a gaban firist. Ya ba wani mabaraci tufafinsa masu tsada, ya sa rigar buhu. A daren 24 ga Maris, jajiberen idin Sanarwar Mala'ika ga Maryamu, ya kwana a tsaye da durƙuso a gaban bagaden Uwarmu, ya rataye takobinsa da wuƙarsa a wurin. Da gari ya waye ya kama hanya. Bai yi nisa ba wani ya biyo shi da gudu yana tambaya ko da gaske shi ya ba mabaracin tufafin, domin an kama shi ana tuhumarsa da sata. Ignatius ya zubar da hawaye saboda wahalar da kyautarsa ta jawo wa talaka. Wannan shi ne darasinsa na farko cewa himma in babu hangen nesa takan cuci wani.

Ya sauka a garin Manresa da niyyar kwana kaɗan, sai ya yi kusan wata goma sha ɗaya. Yana bara don abin da zai ci, yana addu'a sa'a bakwai kowace rana, yana hidima a asibitin matalauta. Ya bar gashinsa da faratansa ba gyara don ya hukunta son adonsa na dā. Sai wani waswasi mai tsanani ya kama shi. Ya riƙa jin kamar bai furta zunubansa duka ba, ya koma wurin firist, ya sake komawa, babu kwanciyar rai. Abin ya kai shi har ga tunanin hallaka kansa. Ya yi mako guda cur bai ci bai sha ba don ya tilasta wa Allah ya ba shi salama, sai da firist mai sauraron furcinsa ya umarce shi ya ci abinci. Da ya yi biyayya, ya kuma yanke shawarar daina tone zunuban da aka riga aka gafarta masa, duhun ya yaye. Wata rana yana zaune a bakin kogin Cardoner, Allah ya buɗe masa fahimta irin wadda daga baya ya shaida cewa duk abin da ya koya a sauran rayuwarsa bai kai ta ba. Bayan wannan ya yanke faratansa, ya gyara gashinsa, ya rage azumin da ya riga ya lalata masa ciki, domin ya gane mutane suna buƙatar taimakonsa kuma ba za su kusanci mai kama da mahaukaci ba. A Manresa ne ya fara rubuta abubuwan da suka zama ɗan littafinsa mai suna Atisayen Ruhaniya.

Ƙofar Urushalima ta rufe

A ganinsa, kiransa a bayyane yake: ya tafi Urushalima ya zauna har mutuwa, yana ziyartar wuraren da Ubangiji ya taka, yana taimakon rayuka. Ya bi ta Barsalona da Roma da Venis yana bara, ya isa Urushalima a farkon watan Satumba na 1523. Amma ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Turkawa, kuma 'yan zuhudun Francis masu kula da wurare masu tsarki sun sha ganin baƙi irinsa ana kama su, a bar su da biyan fansa. Shugabansu ya hana shi zama, ya kuma sanar da shi yana da iko daga Paparoma ya fitar da duk wanda ya ƙi ji daga tarayyar Ikilisiya. Ignatius ya sunkuyar da kai. Bai cika wata guda a ƙasar da ya bar kome dominta ba, ya juyo.

A hanyar dawowa ya yi ta tambayar kansa abin da ya kamata ya yi. Ya ga cewa in yana so ya taimaki mutane sosai, sai ya yi karatu. Yana da shekara talatin da uku ya zauna a Barsalona yana haddar nahawun Latin, darasin da yara ƙanana ke yi. Bayan shekara biyu ya wuce jami'ar Alcala. A can hukumar Ikilisiya mai binciken koyarwa ta yi shakkar wannan mutum mai rigar buhu da ke koyar da al'amuran Allah ba tare da takardar shaida ba. Aka tsare shi kwana 42. Ya koma Salamanca, aka sake tsare shi kwana 22, har da sarƙa a ƙafa. Duka biyu ba a sami kuskure a koyarwarsa ba, amma aka taƙaita masa abin da zai koyar sai ya ƙara karatu. Bai yi wa Ikilisiya tawaye ba. Ya ɗora littattafansa a kan jaki, daga baya ya taka da ƙafa zuwa Paris, ya isa a watan Fabrairu na 1528.

Ya yi shekara bakwai a Paris. Kuɗin da aka ba shi ya ba wani ajiya, mutumin ya cinye, dole ya riƙa tafiya ƙasar Flanders lokacin hutu, sau ɗaya har Ingila, yana roƙon 'yan kasuwar Sifen abin biyan makaranta. A kwalejin Sainte-Barbe aka haɗa shi ɗaki ɗaya da samari biyu, Peter Faber, ɗan makiyaya mai fama da waswasi, da Francis Xavier, ɗan sarauta daga Navarre mai neman suna. Wanda ya sha waswasi a Manresa ya san yadda zai kwantar wa Faber da hankali. Wanda ya yi haukan neman ɗaukaka a fada ya san inda zai kama Xavier, ko da yake wannan ya ɗauke shi shekaru. Ranar 15 ga Agusta 1534, su bakwai suka taru a wani ƙaramin ɗakin sujada a Montmartre. Faber, wanda shi kaɗai ne firist a cikinsu, ya yi Misa. Suka ɗauki wa'adin talauci da tsabtar rai, da na tafiya Urushalima, da sharaɗin cewa in tafiyar ta gagara za su miƙa kansu ga Paparoma ya aike su inda ya ga dama.

Aka naɗa Ignatius firist a Venis ranar 24 ga Yuni 1537. Suka jira jirgin ruwa, amma yaƙi ya ɓarke tsakanin Venis da Turkawa, hanya ta toshe. Karo na biyu ke nan ƙofar Urushalima ta rufe masa. Suka nufi Roma. A wani ƙauye da ake kira La Storta, dab da birnin, yana addu'a ya ga Allah Uba ya sa shi tare da Ɗansa mai ɗauke da gicciye, ya kuma tabbata a ransa cewa hanyar da suka kama ita ce daidai. Ya yi Misarsa ta farko ranar Kirsimeti ta 1538. Ranar 27 ga Satumba 1540 Paparoma Paul na Uku ya amince da kafa Ƙungiyar Yesu. Daga ranar da igwa ta kayar da shi zuwa wannan rana, shekara goma sha tara ne da 'yan watanni.

Kiran da bai nema ba

A shekarar 1541 'yan'uwansa suka zaɓe shi shugaba. Ya ƙi, suka sake zaɓensa, sai da firist mai sauraron furcinsa ya ce ya karɓa. Mutumin da ya so ya ƙare rayuwarsa yana yawo a Ƙasa Mai Tsarki ya yi shekara goma sha biyar na ƙarshe a wasu ƙananan ɗakuna a Roma yana rubutu. Wasiƙun da suka fito daga hannunsa da ofishinsa sun kusa 7,000. Abokinsa Xavier ne ya yi tafiyar, ya isa Goa a Indiya a 1542, ya kai har Japan, ya rasu a 1552 ba su sake ganin juna ba. A Roma Ignatius ya buɗe gidan Waliyya Marta domin matan da suke so su bar karuwanci, ya taimaka wajen kafa gidajen marayu. A 1548 aka buɗe kwaleji a Messina, a 1551 aka buɗe Kwalejin Roma, wadda ta zama Jami'ar Gregorian inda firistoci da bishop-bishop masu yawa daga ƙasashen Afirka suka yi karatu.

In muka dubi wannan aiki da kyau, za mu ga babu abin da ya same shi a baya da ya tafi a banza. Zaman fada ya koya masa yadda ake magana da sarakuna da manyan Ikilisiya, da yadda ake tsara wasiƙa. Kwanciyar Loyola ta ba shi ƙa'idodin rarrabe ruhohi da ke cikin Atisayen Ruhaniya, wanda Paparoma ya amince da shi a 1548. Ciwon cikin da ya jawo wa kansa a Manresa ya sa ya hana 'ya'yan ƙungiyarsa wuce gona da iri a azumi da horon jiki, ya kuma zama mai tsananin kula da marasa lafiya a cikinsu. Wahalar da ya sha ta fara karatu da girma, da ɓata lokacin da ya yi a Alcala yana haɗa darussa barkatai, sun sa ya tsara wa makarantun ƙungiyar karatu daki-daki irin na Paris. Har ma a cikin dokokin ƙungiyar ya sa sabon shiga ya yi wata guda yana atisayen ruhaniya, wata guda yana hidima a asibiti, wata guda yana tafiya ba guzuri yana roƙon abinci. Hanyar da shi ya bi cikin rashin sani, ita ya shimfiɗa wa na baya.

Ya rasu a Roma da safiyar 31 ga Yuli 1556, yana da kimanin shekara 65. A lokacin 'yan ƙungiyar sun kai kusan 1,000. Paparoma Gregory na Goma Sha Biyar ya ɗaga shi zuwa matsayin waliyyi ranar 12 ga Maris 1622, rana ɗaya da abokinsa Francis Xavier. A 1922 Paparoma Pius na Goma Sha Ɗaya ya sa shi majiɓincin dukan masu keɓewa domin addu'a. A ƙasarmu ma akwai makarantar sakandare mai ɗauke da sunan Loyola da 'yan ƙungiyarsa suka buɗe a Abuja a 1996. Marigayi Paparoma Francis, wanda aka zaɓa a 2013, shi ne ɗan wannan ƙungiya na farko da ya hau kujerar Bitrus.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwa cikin Kristi, kada mu ɗauka wahala ita kaɗai takan gyara mutum. Mutane da yawa sun ji rauni a Pamplona, labarin ɗaya kawai muke bayarwa. Abin da ya bambanta Ignatius shi ne ya yi amfani da zaman dole ya saurari zuciyarsa a gaban Allah, ya karanta abin kirki da ya samu a kusa, ya kai damuwarsa wurin firist, ya kuma yi biyayya ko da umarnin ya saɓa wa abin da yake so. Haka Yusufu ya yi a kurkukun Masar, haka Musa ya yi a shekarun kiwonsa a Madayana, haka Bulus ya yi a kwanakin makantarsa a Dimashƙu.

Kada kuma mu yi gaggawar cewa mun san abin da Allah yake nufi da abin da ya same mu. Ignatius ya tabbata Urushalima ce, ya yi shekara goma sha biyar yana riƙe da wannan tabbaci, alhali Roma ce ke jiransa. Wanda ƙofa ta rufe masa bayan ya yi addu'a da azumi, kada ya ce Allah ya yashe shi. Ya yi aikin da ke gabansa yau, ko da koyon sabuwar sana'a ne a cikin yaran da ya haifa, ko koyar da katikisma, ko zama kusa da wani majiyyaci da ya fi shi jin jiki. Wadda ta sha zafin takaba ita ta fi sanin abin da za ta gaya wa sabuwar gwauruwa, kuma wanda ya daɗe a gadon asibiti ya san irin gaisuwar da ke ƙarfafa mara lafiya da irin wadda ke ƙara masa nauyi.

Mu kuma da muke tsaye da ƙafafunmu, akwai namu rabon. Wani ne ya miƙa wa Ignatius littattafan nan biyu. Matan Manresa da na Barsalona ne suka ciyar da shi, suka yi jinyarsa, wata daga cikinsu ta ɗauki nauyin karatunsa. A kowace majami'armu akwai wanda ke kwance a gida, ba a ganinsa a Misa tun watanni. Ya kamata ƙungiyoyinmu na maza da na mata da na matasa su san sunansa, su kai masa ziyara, su sanar da Fada don a kai masa Jibi Mai Tsarki. Ba mu san abin da Allah yake shiryawa a kan wannan gadon ba.

Waliyyi Ignatius na Loyola, ka yi addu'a dominmu, musamman domin 'yan'uwanmu da ke jiran Allah ya nuna musu hanya. Amin.